Ɗiyata na son karatun kwamfuta, makarantarsu kuma ba na'urori: in bar ta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Daura, hatsi nake saye da sayarwa. Ɗiyata ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, bana za ta shiga babba, kuma ta kafe ita kwamfuta take so ta karanta har jami'a. Da na leƙa makarantar tasu sai na tarar kwamfutocin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wasu ma ba sa tashi, ga matsalar wuta. Wani abokina ya ce ɓata lokaci ne, in bari ta gama sakandare in kai ta shagon koyon kwamfuta wata uku ta karɓo satifiket. Uwarta kuma waya da intanet take tsoro. Shin in bar ta ta ɗauki darasin? In kuma sai na saya mata laftof, yanzu ne ko sai gaba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka, ya saka maka da alheri da ka taka da ƙafarka har makarantar. Iyaye da yawa sai ranar karɓar sakamako muke ganinsu.

In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko darasin na da amfani a makarantar da ba kayan aiki, ko shagon koyon kwamfuta zai iya maye gurbinsa, da kuma lokacin da ya dace ka sa kuɗinka a na'ura. Amsata a taƙaice ita ce ka bar ta ta ɗauka, amma da sharaɗin kada darasin ya ci rabon Lissafi da Fizis, domin su ne za su buɗe mata ƙofar jami'a. Laftof kuma ka dakata tukuna. Shekara 14 ke nan ina koyar da wannan darasi a sakandare a cikin birnin Katsina, kuma shekarun farko da alli da allo kawai na koyar da shi, saboda haka halin da ka gani ba baƙo ba ne a wurina.

Wane darasi ne ma?

Akwai ruɗani a kan sunan, gara mu fara warware shi. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar karatun firamare da sakandare a Najeriya. A manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011, wadda ɗalibanta na farko suka zauna jarrabawar WAEC a 2014, darussa biyu ne suka shafi kwamfuta. Na farko shi ne Nazarin Kwamfuta, wanda a takardar rajista ake rubuta shi Computer Studies. Yana cikin rukunin kimiyya, kuma ya ƙunshi tarihin na'urorin lissafi, yadda kwamfuta ke ƙirga, yadda ake tsara matakan warware matsala, rubuta furogiram (wato jerin umarnin da ake ba na'ura ta bi), haɗa na'urori su yi magana da juna, da rumbun adana bayanai. Jarrabawarsa tana da ɓangaren da ɗalibi zai zauna gaban na'ura ya yi aiki da hannunsa. Na biyu shi ne Sarrafa Bayanai, wato Data Processing, wanda aka sa cikin darussan sana'a. Ya fi karkata ga amfani da na'ura wajen aikin ofis, kuma a WAEC a takarda ake gama jarrabawarsa. Wannan ne ya sa makarantu marasa kayan aiki suka fi rungumarsa, ɗalibai kuma suka ɗauke shi darasin samun maki cikin sauƙi.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja. A cikinta an sa darasin fasahar zamani mai suna Digital Technologies cikin darussan dole na babbar sakandare, aka kuma rage darussan sana'a zuwa 6, ciki har da gyaran kwamfuta da wayar salula, da haɗa sola. Ka ga ke nan mai yiwuwa ne zaɓin ma ba a hannunka yake ba. Sai dai sanarwa a Abuja daban, abin da ke faruwa a aji daban. Ka koma makarantar ka nemi malamin da ke kula da rajistar jarrabawa, ka tambaye shi ƙarara: 'yan ajin ɗiyata wane darasin kwamfuta za ku yi musu rajista a WAEC da NECO? Shi ya fi kowa sanin amsar, har da shugaban makaranta.

Maganar abokinka

Abokinka bai yi ƙarya ba, ya dai haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin yaron da ya iya awo da ɗinke bakin buhu, da wanda ya san lokacin da ake sayen gero a ajiye da lokacin da ake sakinsa. Na farko a mako biyu ake koya masa. Na biyu sai ya daɗe a gindinka. Shagon koyon kwamfuta na farkon yake koyarwa: buga rubutu, shirya takarda a Word, ɗan tebur a Excel, zanen katin biki a CorelDRAW. Abu ne mai kyau, ni ma ina tura ɗalibaina can. Amma abin da ɗiyarka ta ce tana so, in har da gaske take, na biyun ne, kuma mafi yawansa a ƙwaƙwalwa yake zaune, ba a yatsu ba.

Bari in ba ka misali da abin da nake yi a makon farko na aji ɗaya, ba tare da an kunna ko na'ura guda ba. Nakan ce wa ɗalibi ya riƙe wata lamba a ransa tsakanin 1 da 100, kada ya faɗa. Ni kuma zan canka, shi dai ya ce min "ta fi haka" ko "ba ta kai ba". Sai in ce 50. In ya ce ta fi, in ce 75. In ya ce ba ta kai ba, in ce 62. Kowace tambaya tana zubar da rabin lambobin da suka rage, kuma ba na wuce tambaya 7 ban kama lambar ba. Daga nan sai in tambayi ajin: in da tsakanin 1 da miliyan ɗaya ne fa, tambaya nawa zan buƙata? Wasu su ce dubu, wasu su ce sai na kwana ina yi. Amsar 20 ce. A nan ajin kan yi tsit, sai kuma hayaniya ta ɓarke, kowa na son gwadawa da maƙwabcinsa. Irin wannan dabara ce ke sa a laluɓo suna guda cikin miliyoyin sunaye da aka jera, kafin ka ƙifta ido. Ɗalibin da ya gane dalilin 20 ɗin nan ya shiga ilimin kwamfuta, ko da bai taɓa riƙe mawus ba.

Jerin matakai irin wannan, wanda in aka bi shi daki-daki dole a kai ga amsa, shi ake kira algoridim. Kalmar daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ta fito, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga sunan littafinsa kalmar aljabara ta samo asali. Wani babban kaso na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake. Ina gaya wa ɗalibai wannan ne domin su daina ganin darasin kamar kayan aro daga Turai.

Kai kanka, Alhaji, kana aiki da algoridim kowace kaka. Ɗauki zakkar hatsi. Da farko a duba: amfanin gonar ya kai nisabi? In bai kai ba, magana ta ƙare. In ya kai, a sake dubawa: ruwan sama ne ya shayar da shi, ko ban-ruwa aka yi da wahala? In ruwan sama ne, a fitar da ɗaya cikin goma. In ban-ruwa ne, ɗaya cikin ashirin. Wannan "in kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza" shi ne ƙashin bayan kowane furogiram a duniya. Nakan ba 'yan aji biyu wannan aikin su zana matakansa a takarda, sannan su juya shi zuwa harshen kwamfuta. Inda suke tuntuɓe ba a Turancin ba ne. Sukan manta su gaya wa na'urar abin da za ta yi in hatsin ya yi daidai da nisabi cif, bai fi ba bai gaza ba. Mutum zai gane da kansa, na'ura kuwa ba ta da hankalin cike giɓi, abin da ka faɗa mata kawai take yi. Koyon yin magana ba tare da barin giɓi ba, shi ne ainihin abin da shekara ukun nan ke koyarwa, kuma ban taɓa ganin shagon da ke koyar da shi a wata uku ba.

Haka batun ƙirgar kwamfuta da sifili da ɗaya, wanda ɗalibai ke tsoro kamar maciji. Da duwatsun awo nake koyar da shi. In kana da duwatsu biyar masu nauyin 1, 2, 4, 8 da 16, za ka iya auna kowane nauyi daga 1 har 31, kowane dutse kuwa ko dai yana kan sikeli ko ba ya kai. Nauyin 13 shi ne 8 da 4 da 1. In ka jera duwatsun daga 16 zuwa 1, ka rubuta 1 ga wanda ke kan sikeli, 0 ga wanda ba ya kai, sai ka samu 01101. Shi ke nan fa, ba wani siddabaru. Haruffa ma lambobi aka ba su: babban A lambarsa 65. Tsohon tsarin da aka yi a Amurka, mai suna ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, kuma ba a ajiye wa ƙ da ɗ da ɓ wuri ba. Shi ya sa shekara da shekaru muke rubuta "kasa" mai karatu ya yi ta canka ko ƙasa muke nufi. A tsarin Unicode da ya zo daga baya haruffanmu sun samu gurbi, ƙaramin ƙ ya zama lamba 409. Wata ɗalibata da ta ji wannan ta tambaye ni: to wa ya je ya yi mana magana aka saka su? Na ce mata irin mutanen da nake fata ki zama. (Na fita daga hanya kaɗan, amma abin yana min daɗin faɗa.)

Inda ake yin asara

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe. Samun A1 a darasin kwamfuta ba ya kai ɗalibi sashen kwamfuta na jami'a. Abin da jami'o'i suka saba nema shi ne kiredit 5, ciki har da Turanci, Lissafi da Fizis, sauran kuma daga darussan kimiyya. A jarrabawar JAMB ma haɗin da aka saba shi ne Turanci, Lissafi, Fizis, da na huɗu kamar Kemistiri ko Bayoloji. Ma'ana dole ɗiyarka ta shiga ajin kimiyya tun daga aji ɗaya. In aka tura ta ajin kasuwanci ko na adabi aka ce ai can ma ana yin Sarrafa Bayanai, to an rufe mata hanyar ba ta sani ba.

Na ga wannan da idona. Akwai wani yaro da na koyar, ban taɓa samun mai hannu irin nasa ba. Kwamfutar ofishin makaranta in ta ƙi tashi shi ake kira. Ya ci A1 a darasina, ya samu D7 a Fizis, D7 kuwa ba kiredit ba ce, kiredit daga C6 take farawa. Shekara biyu ya yi yana sake zama kafin ya samu shiga. Laifin har da nawa a ciki, domin duk lokacin da ya gudo daga ajin Fizis ya ɓuya a ɗakin kwamfuta, daɗi nake ji, ina ganin na samu magaji. Tun daga kansa na kafa doka: wanda bai kawo rabin maki a Lissafi ba a gwajin wata, ba ya shiga ɗakin kwamfuta a lokacin tara. Sun yi ta ƙorafi, amma ta yi aiki.

In makarantar na koyar da Lissafi mai zurfi, wanda ɗalibai ke kira Foda Mas, ta ɗauka ko da ba dole ba ne. Shekarar farko a jami'a akwai lissafi da yawa a cikinta, kuma waɗanda suka taɓa shi a sakandare ba sa shan wahalar da sauran ke sha.

Wuraren karatun kuwa ba sai ta yi nisa ba. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, duk suna da karatun kwamfuta. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura kusa da ku, ka leƙa ka ga kwasa-kwasanta. Hukumar jami'o'i ta NUC ta fitar da sabon tsari a ƙarshen 2022 wanda ya ware fannin kwamfuta ya tsaya da kansa, da rassa kamar tsaron intanet, injiniyancin manhaja da kimiyyar bayanai. Sharuɗɗan shiga sukan ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kuma ana sauya su, saboda haka idan ta kai aji uku ku buɗe kundin JAMB na wannan shekarar ku karanta da idonku. Ni malamin sakandare ne, ba jami'in ɗaukar ɗalibai ba, kada ka tsaya a kan maganata kaɗai a nan.

Makarantar da ba na'ura

Ba zan yaudare ka ba, takarda tana da iyaka. Na taɓa samun ɗalibar da ta haddace ma'anar mawus da ire-irensa ba kuskure, ranar da na zaunar da ita gaban na'ura hannunta rawa yake, ta ɗaga mawus ɗin sama tana juya shi a iska. Ajin ya yi dariya, ni kuwa kunya ce ta kama ni, domin shekara biyu tana hannuna. Gani ya kori ji. Kuma tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta, yanzu tambaya 180 ce cikin awa 2. WAEC ma ta fara gwada hakan da masu zaman kansu a 2024. Yaron da ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko a gaban allo, minti goma na farko a tsoro suke tafiya, ko da ya san amsoshin. Gaskiya ne an sauƙaƙa abin, da maɓallan A, B, C, D ake zaɓar amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, amma sai wanda hankalinsa ke kwance yake tuna wannan.

Duk da haka, yawan na'urori ba shi ne abin da za ka fara dubawa ba. Na koyar da aji mai ɗalibi 70 da kwamfuta 9. Nakan raba su rukuni-rukuni. Waɗanda ke kan na'ura biyu-biyu suke zama, ɗaya na bugawa ɗaya na duba masa kuskure, bayan minti goma su yi musanya. Sauran suna rubuta furogiram ɗinsu a littafi, abokin zama ya zama shi ne kwamfutar, ya bi umarnin layi-layi yana rubuta abin da ya fito. Kafin layi ya zo kansu sun riga sun kama rabin kurakuransu. Kibod kuwa a kwali muka zana shi, kowa ya tafi da nasa gida yana sabawa da wurin haruffa. A gefe guda na san makarantar da aka kawo wa na'urori sababbi fil, suka shekara a kulle cikin leda saboda ana tsoron kada yara su lalata a tuhumi wani. Ƙura da ɓera suka gama da su.

Saboda haka in ka koma, malamin za ka tambaya. Wa ke koyar da darasin? Fanninsa ne, ko malamin wani darasi ne aka ɗora masa don cike gurbi, ko ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan wata goma sha ɗaya? Sau nawa a mako ɗalibai ke shiga ɗakin kwamfuta? Sannan ka karɓi littafin wata 'yar aji biyu ka buɗe. Ko ba ka jin Turanci za ka gane: in shafukan duk dogon rubutu ne da aka kwafe daga allo, haddar ma'anoni ake yi. In ka ga zane-zanen akwatuna da kibiyoyi, da lissafi, da wuraren da aka soke aka gyara, to ana koyarwa.

Matsalar wuta kuma ta fi sauƙin magani yanzu fiye da lokacin da na fara. Laftof ba ta cin wuta kamar tsofaffin kwamfutocin tebur, ƙaramar sola tana riƙe guda goma. Wannan magana ce da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya ɗauka, kuma bakin ɗan kasuwa irinka ya fi na malami nauyi a irin wannan taro. Na'urorin da ka ga ba sa tashi ma, sau da yawa abin da ya kashe su bai taka kara ya karya ba: ƙura ta toshe fanka, ko ram, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita, ya motsa daga mazauninsa, ko ƙaramin batirin da ke kan babban allon cikin na'urar ya mutu. Mai gyara guda zai iya tayar da rabinsu a wuni ɗaya.

Laftof, waya, da tsoron Hajiya

Kada ka sayi laftof a zangon farko. Yara da yawa da ke cewa suna son kwamfuta, abin da suke so shi ne abin da suke gani ana yi da ita. Ka ba ta zango biyu ka gani. Alamar mai so da gaske ita ce ta zauna kan matsala guda awa ɗaya, ta ƙi fitowa, ta tashi ranta a ɓace, gobe ta koma mata. Kafin nan wayarka ta isa. Akwai manhaja mai suna Pydroid 3 da ake sa wa a wayar Android, ana rubuta harshen Python a cikinta, kuma in an sauke ta ba ta buƙatar data. Manhajar karatun da muka daɗe muna bi da harshen BASIC take koyarwa, wanda aka ƙirƙira tun 1964. Ta koye shi don jarrabawa, ba laifi, tunanin iri ɗaya ne. Amma Python ne za ta tarar a jami'a da wurin aiki. Rubutu a allon waya akwai takura, da babu dai gara ba daɗi.

A dogon hutu kuma sai ka bi shawarar abokinka, a nan take da amfani. Ka kai ta shago ta koyi buga rubutu da yatsu goma da Excel. Kada ka kula da kyan satifiket ɗinsu, ba wanda zai tambaye ta shi. Ka tambayi awa nawa za ta zauna ita kaɗai a kan na'ura kowace rana, ka kuma zaɓi inda ake da ajin mata ko lokacin mata.

In ta shiga aji biyu son bai gushe ba, Lissafinta kuma bai faɗi ba, sai ka saya. Ta hannu mai lafiya ta wadatar. Ka nemi mai ram gig 8 da ma'ajiya irin ta SSD, ka fi ba batiri muhimmanci a kan kyan jiki. Ka tafi da wanda ya sani, a cire caja a gabanka a bar ta tana aiki a ga yadda batirin ke sauka, a danna kowane maɓalli. A gida kuma a kiyaye ta daga abu uku: ƙurar hunturu, ɗora ta kan katifa inda iska ba ta shiga ta ƙasa, da wutar janareta mai hawa da sauka.

Tsoron Hajiya kuwa yana kan hanya, kada ka yi mata gardama. Ni ma uba ne. Abin da zan ce shi ne kwamfuta daban, intanet daban. Kusan duk abin da ɗiyarka ke buƙata a shekara biyun farko ana yinsa ba tare da data ba. Na'urar ta zauna a falo ko tsakar gida inda kowa ke wucewa, ba ta kwana a ɗaki. Data daga wayarka za ta fito, a lokacin da ka sani, don abin da ta faɗa maka. Ka sa uwar ta zauna kusa da ita wani lokaci ta nuna mata abin da take yi, tsoro yakan ragu in an ga abin da ido. Darasin kansa yana da babi a kan tsaro da ladubban amfani da na'ura, kuma na lura ɗaliban da suka yi shi su ne ke hana iyayensu karanta wa ɗan damfara lambar sirrin da banki ya turo. Kasancewarta mace kuma ba cikas ba ne ko kaɗan. A ajina 'yan mata sun fi haƙurin bin furogiram layi-layi har su gano inda ya karkace, maza sun fi saurin cewa na'urar ce ta lalace.

Abu guda da ya shigo kwanan nan: manhajojin nan irin ChatGPT masu rubuta amsa. Ɗalibi zai kawo min furogiram mai kyau, in ce ya bayyana min layi na uku, sai ya kama sosa ƙeya. In ka ga tana gama aikin gida cikin minti biyar, ka ce ta yi maka bayaninsa da Hausa. Ba sai ka fahimci kwamfuta ba, za ka gane mai bayanin abin da ya sani da mai kame-kame, kamar yadda kake gane su a kasuwa.

Game da aiki bayan karatu, ba zan yi maka alkawari ba. Na san masu digirin kwamfuta da ke zaune, na san kuma waɗanda ke Katsina suna yi wa kamfanonin Legas da na waje aiki daga ɗakinsu. Bambancin da na gani tsakaninsu shi ne na biyun suna da abin da suka gina da za su nuna. In ma daga baya ta sauya ra'ayi ta koma aikin jinya ko likitanci ko koyarwa, ajin kimiyyar da ta shiga bai rufe mata ko ɗaya ba.

Ban ga ɗiyarka ba, ban kuma ga malaminta ba, kuma abin da na sani daga makarantun cikin birni na san shi, saboda haka ka auna maganata da abin da idonka ya gani. Amma akwai gwajin da za ka iya yi tun wannan makon. Ka ɗauko littafin da kake rubuta bashi da shigar kaya, ka ba ta shafukan wata guda. Ka ce ta tsara maka su a tebur, ko a takarda ne: sunan mai karɓa, irin hatsin, buhu ko tiya nawa, abin da ya biya, abin da ya rage. Sannan ta rubuta maka matakan da za a bi a gano wanda bashinsa ya fi daɗewa, yadda ko ƙaninta zai iya bi ya samu amsa ba tare da ya tambaye ta komai ba. Idan ta je hutu shago ta koyi Excel, sai ta mayar da teburin cikin na'ura. Za ta dawo maka da tambayoyi, wataƙila ma ta gano inda yaran shagonka suka rubuta mutum ɗaya da suna biyu. Ka turo min abin da ta rubuta ta hannun wanda ya kawo wannan tambayar, in duba in gaya maka abin da na gani. A gaida Hajiya.